Daga Bacirawa Zuwa Agadas Neman Uwar Maƙera

Tun da na dawo daga Agadas ban huta da tambaya ba. A filina na Bacirawa, inda nake saye da sayar da tsofaffin ƙarafa, duk wanda ya kawo kaya sai ya tsaya bayan an gama awo, ya rage murya, ya ce, "Alhaji Sabi'u, an dace kuwa?" Zinari yake nufi. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, wannan ya ji farko wancan ya ji ƙarshe, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Ban je neman zinari ba. Baƙin ƙarfe na je nema, ni da nake wuni a cikin tulinsa.

Mu maƙera ne. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Shanono, gida na bin gida, gona na bin gona, har bakin wata korama da ke cika da damina, da rani ta koma yashi da 'yan kududdufai. Rumfar ƙirarmu a kan gaɓarta take. A tsakiyar rumfar akwai uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga, mai kama da ƙatuwar ƙusa, an kafa ta a kututture an binne. Kakan Baba ne da 'yan'uwansa suka ƙera ta da tamar da suka narka da hannunsu, tun kafin ƙarfen mota ya shigo ƙasar nan. Wata damina, ina saurayi, ruwa ya ci gaɓar ya tafi da rumfar gaba ɗaya. Da ya janye, mutanen gari suka bi koramar suna tono har ƙauyukan da ke ƙasa da mu. Ba a same ta ba.

Ni na bar ƙira da wuri na shigo birni. Da na samu hali na kai wa Baba wani dunƙulen ƙarfen katafila, mai kyau, wanda ya fi waccan nauyi. Ya yi shekaru yana aiki a kansa, amma kullum sai ya ce bebe ne, ana bugunsa ba ya amsawa. Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Taki ya gagari manomi, mai sayen sabuwar fartanya ya koma gyaran tsohuwa, masu ƙira a gidanmu suka watse neman abinci, idon Baba ya dushe, rumfar ta mutu. Baba ba mai roƙo ba ne. Sai dai duk lokacin da na je gaishe shi, bayan ya tambayi iyali, sai ya ce da zai ƙara jin ƙararta sau ɗaya kafin a kira shi, da ya gode wa Allah. Bara ya faɗa da wata murya da ta bi ni har Bacirawa.

Wani mai kawo min kaya, wanda ya taɓa zuwa haƙar zinari a arewa, shi ya ba ni labarin injin da ke jin ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce ana samu a Kano, amma jabu ya fi yawa, kuma babu mai koya maka. A Agadas kuwa akwai waɗanda suka gaji da daji suna sayar da nasu, akwai kuma wani Buzu, Agali, wanda aikinsa a cikin koramu ne. Ni ba na sayen abin da ban gani yana aiki ba. Na yi shiri.

Da na je sallama, Baba ya sa aka ɗauko masa masabarsa, babbar gudumar ƙira, ya kwance ƙotar ya miƙo min kan. Ya ce da tama ɗaya aka yi su, ita da uwar maƙerar, in nuna wa injin nawa ya shinshina don ya san abin da zai nema. Na yi dariya. Shi bai yi ba. Na naɗe ta a tsumma na sa a jaka.

Ta Daura muka bi. A motar na zauna kusa da wata dattijuwa, Hajiya Gambo, mai kai yaji da kuka da daddawa arewa ta dawo da cuku da dabino. Kafin mu kai Kazaure ta san sunan matata da sana'ata, ni kuwa ban san komai nata ba sai warin kayanta. A bakin iyaka wani jami'i ya buɗe jakata, ya zaro masabar, ya auna ta a hannu, ya tambaye ni me matafiyi zai yi da wannan. Na gyara tsayuwa na fara daga kakan Baba. Sai na ji an take min ƙafa. Hajiya Gambo ta ce tata ce, da ita take fasa kantun gishiri, ni ɗan ƙanwarta ne na riƙe mata. Jami'in ya mayar ya wuce. Da muka yi nisa ta dube ni ta ce, "Kai da gemunka ba ka san a nan gajeriyar amsa ake bayarwa ba? Da na ƙyale ka da yanzu kana kan haihuwar babanka." Daga nan har Agadas ni ne ɗan dakonta, tunda ɗan ƙanwa ba ya zama uwa na ɗaukar buhu.

A Damagaram muka yada zango. Masaukin tasha ne, tabarma da buta, sai wani mai shayi da ke sayar da burodi dogo kamar sanda, mai tauri a baya, in ba ka tsoma ba sai ya yanke maka dasashi. Da ya ji harshena ya kira maƙwabtansa su zo su ga Bakano, ya ce su ɓoye kofunansu kada in taya. Na ce masa ko kyauta ba zan karɓa ba, a awon ƙarfe ma ba su kai a ɗora su a sikeli ba. Wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa ke nan, kuma shi ya sa na ji kamar ban bar gida ba. Ya ƙara min madara, ya ce ta sadaka ce ga mabuƙaci.

Bayan Damagaram ne ƙasa ta fara canzawa. Ni mutumin inda ba ka jefa dutse bai faɗa gonar wani ba ne. A can sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga kunyar noma ɗaya ba, ba rumbu, ba mai garma. Abin ya dame ni fiye da zafin. Motar ta lalace a wani fili bayan Tanut, muka sauka, muka yi taimama muka yi azahar, kowa ya fito da guzurinsa aka haɗa. Na ɗaga waya sama ina neman layi in ji lafiyar Baba, babu. Na zauna a inuwar motar, jakar a cinyata, ina jin nauyin masabar, ina tuna yadda da asuba ƙarar rumfarmu ke riga zakara tashin unguwa. Tun ina yaro nake ƙin ƙarar nan saboda tana hana ni barci. A filin nan na gane da za a buga min ita da na biya.

A Agadas Hajiya Gambo ta damƙa ni hannun wani Malam Ɗanjuma, mutumin Ungogo, nan kusa da Bacirawa, wanda ya je sayar da takalma tun yana matashi ya yi aure ya zauna. Ya ba ni ɗaki a zaure. Kafin in aje jaka ya fara tambaya: gonakin da ke bayan gidansu, da wata tsamiya da ake cin kasuwar yamma a gindinta. Na gaya masa gaskiya, duk sun zama gidajen bulo, 'yan adaidaita na juyawa a wurin. Ya ce in ya tambaye ni gobe in ce tsamiyar na nan. Hajiya ta bar masa ƙullin daddawa. Na ga ya buɗe ya sa hanci kafin ya kai cikin gida.

Abincinsu bai yi min wuya ba, sai dai babu tuwo. Shinkafa da taliya, naman akuya, cuku mai tauri da ake ci da dabino. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maza ke rufe fuska, har cin abinci ta ƙarƙashin rawani suke yi, mata kuwa fuska a buɗe suna magana da kowa. Sai shayi. Mu a gida shayi abin karyawa ne, a sha a tashi. Su a ɗan kofi kamar murfin kwalba suke zubawa, zagaye bayan zagaye, kuma ba a maganar abin da ya kawo ka sai an kai na ƙarshe. Ranar da Ɗanjuma ya kai ni wurin Agali, kofin farko na hannuna na tambayi kuɗin injin. Agali ya tambaye ni lafiyar hanya. Na sake tambaya, ya tambaye ni lafiyar shanun ƙasarmu. Ɗanjuma ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi abin.

Duk da haka Agali ya yarda ya koya min kafin in saya. Dogo ne, ba ya gaggawar komai, Hausarsa a hankali. Ya goya ni a babur zuwa wata korama a tsakanin baƙaƙen duwatsu, yashi a tsakiya, ruwa kaɗan a gefe, lambunan albasa a kan gaɓa. Injin kansa ba wani abu ba ne: sanda ce, a ƙasanta wani abu kamar faifai, a samanta ɗan akwati mai maɓallai, sai abin sawa a kunne. Faifan na shiga ruwa, akwatin ba ya shiga. Na fara lilo da shi kamar mai shara, ya riƙe min hannu. Ya ce ƙasa-ƙasa, a hankali, kowane lilo ya hau kan rabin na baya, kamar mai yayyafa iri da ba ya son barin gurbi. Ya nuna min baƙin yashi da ke sa injin ƙarya, da yadda ake daidaita shi da ƙasar wurin kafin a fara. Ya ce a korama ba ko'ina ake nema ba, sai cikin lanƙwasa, da bayan dutse, inda ruwa ke rage gudu ya aje kayansa. Yana binne zobe ko tsabar tagulla ba na gani, in nemo, in tace yashin da rariya. Farko ina wucewa ta kai. Na jiƙa akwatin sau ɗaya da na sunkuya, Agali ya shanya shi a kan dutse ya yi min kallon da ya fi zagi ciwo. A hankali kunnena ya buɗe, har na fara gane muryar tagulla da ta azurfa.

Duk wannan zaman ban gaya masa abin da nake nema ba. Dokar sana'armu ce: mai saye ba ya nuna wa mai sayarwa inda ransa yake. In na ga tagulla a cikin tarkacen mutum, ƙarfen gado nake tayawa. Ya ɗauka zinari nake so kamar kowa, na bar shi a haka.

Ranar da za mu gama ciniki, da ya juya yana hura gawayin shayi, na tona rami mara zurfi na binne masabar Baba. Na sa abin kunne na bi ta kai. Shiru. Na dawo a hankali, faifan na shafar yashi. Shiru. Injin da ke jin ɗan zobe, ga ƙarfen da ya cika hannu bai ji ba. Na tuna Baba yana cewa a ba shi ya shinshina. Na tono masabar na aje a gaban Agali, na ce masa ni ma dillali ne, na san kayan da aka gyara don ranar gwaji.

Ya dubi masabar, ya dube ni. Ya miƙa hannu ya murɗa wani ɗan maɓalli a akwatin, ya ɗaga faifan a kanta. Injin ya yi wata kuwwa har na fizge abin kunnen.

Ya ce, "Ni na toshe masa kunne. Kowa haka yake yi. Wa zai bar ƙasarsa ya zo nan don baƙin ƙarfe?"

Na ce, "Ni."

A nan na ba shi labarin da aka hana ni bayarwa a bakin iyaka, tun daga kakan Baba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗauki masabar ya juya ta, ya ƙyasta ta da zobensa ya kai kunne. Ya ce dangin mahaifiyarsa maƙera ne, masu aikin azurfa, ya san abin da ake nufi in an ce ƙarfe na da murya. Sannan ya ce da na saya na tafi a yadda yake, da na share koramar garinmu har damina ta zo, na bi ta kan abin da nake nema ban sani ba, na dawo ina zaginsa. Bai ƙara ko sisi a kan kuɗin da ya riga ya sa wa injin ba.

Karatu ya koma sabo. Da aka buɗe wa injin kunne, koramar da nake gani tsaf ta cika da surutu: gwangwanin tumatir, ƙusa, murfin kwalba, guntun waya. Agali ya koya min in na ji ƙara in ɗaga faifan sama kaɗan-kaɗan. Ƙaramin tarkace zai ɓace, babban ƙarfe zai ci gaba da amsawa, kuma amsarsa mai faɗi ce, ba tsini ba. Ya tambaye ni da wane itace aka yi kututturen. Na ce ƙirya. Ya ce ƙirya ba ta iyo. Ruwa ba ya tafiya da abu mai nauyi irin wannan, ƙarƙashinsa yake rarakewa, abin ya nutse a inda ya faɗi. Ya ce kada in bi koramar ƙasa, in nemi inda rumfar take.

Da zan taho ya yi min gurasar da suke gasawa a cikin yashi da toka, ya kakkaɓe ta ya naɗe min. Ɗanjuma ya raka ni tasha. Ya ba ni saƙon gaisuwa ga mutanen da na san yawancinsu sun rasu, na karɓa ban gyara masa ba. Injin na kwance shi gunduwa-gunduwa na cusa a cikin buhun dabinon Hajiya Gambo, wadda ta ce wannan karon in an tambaya, ni kurma ne.

Na iso gida rani ya yi nisa. Baba ya ƙara ramewa, amma yana zaune. Wahalar ita ce koramar ta ci gaɓa ta canza kwanciya, babu wanda ya yarda da wani a kan inda rumfar take. Yayana Haruna ya ce nan, liman ya ce can. Na sa aka kawo Baba a amalanke, aka zaunar da shi a kan tabarma a bakin gaɓa. Ya ce shi ba ya gani, amma in yana aiki da safe rana ta kafaɗarsa ta dama take bugunsa, kuma kiran salla daga bayansa yake zuwa. Muka bi wannan. Wurin ya faɗa tsakiyar yashi, kusa da wani kududdufi.

Nan injin ya haukace, ko'ina ƙara. Na tona na fito da wasu baƙaƙen dunƙule masu ramuka, na sa wa Baba a hannu. Ya ce kashin maƙera ne, dattin da ke fita daga wuta, na kakanninsa. Mun iso wurin. Na shiga ɗaga faifan kamar yadda aka koya min. Ƙananan muryoyin suka yi ta ɗaukewa, har saura ɗaya, mai faɗi, a gefen ruwan. Tonon ya ci mana kwanaki, don muna haƙa ruwa na cikawa yashi na ruftawa, sai da muka kafa buhuna muka yi ta kwalfewa da bokiti. Mutanen gari suka cika gaɓa, rabinsu na jiran zinari. Kututturen muka fara tararwa, baƙi ƙirin, bai ruɓe ba. Uwar maƙerar na jikinsa.

Muka ɗauko ta muka aje a gaban Baba. Tsatsa ta ci gefenta, amma kan na nan. Ya shafa ta tun daga sama har ƙasa, ya nemo wani ɗan gurbi a baki da yatsa, ya ce wannan shi ya yi shi yana koyo, har aka mare shi. Na mayar wa masabar ƙotarta na ba shi. Ya ɗaga, hannun ya ƙi. Ya sake gwadawa. Sannan ya miƙo min.

Na buga.

Ya ce, "Haka na koya maka riƙon masaba? Sassauta hannu, ba kashe ta za ka yi ba."

Na sassauta na sake bugawa. Ƙarar ta tashi siririya, ta bi koramar, ta daɗe kafin ta mutu. Ita ce wadda ke hana ni barci ina yaro. Baba ya karkata kai yana saurare har bayan ta ƙare, kamar mai jiran wani abu ya biyo baya. A da in an buga wannan, ƙaramar guduma ke amsawa, zugazugi na numfashi a tsakani, ƙannensa na gardama, manoma na jiran aiki a bakin rumfa.

Ya ce, "Muryar na nan. Masu amsa mata ne babu."

Na ce ko a kai ta ɗakinsa. Ya ce uwar maƙera ba ta kwana a ɗaki.

Mun kafa mata rumfa nesa da gaɓa. Injin yana nan a filina, masu son aro su nemi zinari sun yi yawa, ina gaya musu kunnensa a buɗe yake, gwangwani za su yi ta tonowa. Ni kuwa duk Juma'a ina rufe awo da wuri in kama hanyar Shanono. Haruna na zuga wuta, ni ina bugu, fartanyar da muke fitarwa ko kyauta ba kowa zai karɓa ba. Baba na zaune a gefe, rana a kafaɗarsa ta dama, yana cewa in sassauta hannu.